Inna, Ki Faɗi Sunana Ran Alhamis

Assalamu alaikum, Inna.

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙarfin jiki, ya mutanen Faru? A gaida Baba Liman da Khairiyya. Ni lafiya lau nike, sai dai allurar likitoci na sa hannuna rawa, shi ya sa rubutun ya karkace.

Sati shida ke nan ina kulle a asibitin ƙwaƙwalwa nan Ikko. Gaskiya na kwana huɗu ban runtsa ba, na yi ta ihu cikin tasha har 'yan sanda suka kawo ni. Amma na dawo hayyacina.

Takardar haƙƙin majinyaci da suka liƙa a bango, na karance ta har na haddace. Ta ce dole likitoci su sake zama kan maganata, su ji ta bakin dangina. Wata nas mai jin Hausa ta kira ki, ta ce, "Ma'aruf ɗanki ne?" Kika ce, "Yaron gidan nan ne," kika kashe waya. Suka rubuta ba ni da kowa!

Mi mutanen nan suka sani game da kunyar ɗan fari? Shekara ashirin da shida ba ki kira sunana ba, ban taɓa jin haushi ba. Yau ina ji. Ki gafarce ni.

Ran Alhamis bayan azahar za su sake kira. In ba wanda ya amsa ni, ƙara riƙe ni za su yi. Don Allah ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ba mai ji. Ki ce Ma'aruf, ki ce naki ne. Sau ɗaya tak.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Ma'aruf