Lambobin ƙarya da na ba kwamfutar Injiniya

Assalamu alaikum. Ku ɓoye sunana. Ban yi boko ba, murya na aiko, ku rubuta yadda na faɗa. Mai shirin zagi ya adana bakinsa, na sha wanda ya fi nasa. Shawara nake nema.

Ni mai walda ne. Tun ina saurayi nake haɗa ƙarfen dogo, daga tsohon layi har wannan sabon da ake shimfiɗawa ta ƙasar Daura. Yatsuna biyu na hagu a wannan aiki na bar su. Idan na buga ƙarfe da guduma, kunnena ke gaya mini ko lafiya yake ko akwai ciwo a cikinsa. Ana nan sai aka kawo mana wata injiniya, sa'ar 'yata ta biyu, da kwamfuta a jaka da farar hular kwano wadda ko datti bai taɓa ba. Wai kwamfutar za ta faɗi inda ƙarfe zai tsage tun kafin ya tsage. Wai ƙarfe yana gajiya, duk tayar da ta bi ta kansa tana rage masa kwana, har ƙaramar tsaga ta buɗe a cikinsa. Wannan ne labarin? Abin da na sani tun ba a haife ta ba, shi aka je jami'a aka karanto?

Ta ba ni wani ma'aunin zafi mai maganaɗisu. Ta ce, "Baba, duk haɗin da za ku yi, ka manna wannan a jikin ƙarfen ta gefen inuwa, ka jira ya tsaya, ka faɗa wa mai rubutu lambar. In ta wuce jan layin nan kada ku haɗa, ku jira rana ta yi sanyi." Na ce, "Injiniya, tafin hannuna ya girmi abin nan." Ta yi dariya ta ce, "Tafin hannunka ba ya shiga kwamfuta, Baba." Na jefa shi aljihu.

Bazara ce, ƙarfe ba ya taɓuwa. Muna wata kwana inda layin ya lanƙwasa, kusa da ƙaramar gada, ogan aikinmu, mutumin da bai taɓa riƙe guduma ba, yana zaune cikin mota yana cewa a gama kafin sati ya fita. Muka yi ta haɗawa da rana tsaka. Ma'aunin bai fito daga aljihuna ba ko sau ɗaya. Mai rubutu ya tambaya, in faɗi lambar da ke ƙasa da jan layi, ina ɗan canza ta don kada a gane. Ba zan ɗora wa oga ba, bai ce in yi ƙarya ba. Raini ne kawai. Kuma na san ƙarfen da aka ɗaure da zafi, in sanyi ya zo zai ja jikinsa, ba inda zai je, sai ya nemi wurin da ya fi rauni, wato haɗin da na yi. Na sani, na yi.

Bayan damina Injiniya ta kira ni gaban ma'aikata ta nuna mini hoton layin a kwamfuta, wani wuri ja, wani kore. Kwanar nan kore shar. Ta ce, "Baba, aikinka ya fi na kowa. Masu duba cikin ƙarfe da na'ura za su fara da wuraren ja, naka sai ƙarshe." Aka tafa mini. Kun san abin da na ji? Daɗi. Na ce a raina ga bokansu nan, na ba shi ƙarya ya haɗiye har ya gode. Wannan daɗin shi ne abin da nake jin kunyarsa yanzu.

Sanyi ya shigo. Makon jiya da safe na bi kwanar da gudumata. Haɗi na uku daga gada ya ba ni ƙara irin ta fasasshiyar tukunya. Ido bai ga komai ba, amma na maimaita sau biyar, haka ne. Jirgin da ke kai tsakuwa yana bin wurin kullum, leburori zaune a kan kaya, mutanen Baure da Mai'adua, magidanta kamar ni. Na gaya wa oga. Bai ko sauke gilashin mota sosai ba, ya ce, "Kwamfuta ta ce kore ne. Kai ka fi ta?" Na je wurin Injiniya na ce a duba haɗin. Ta buɗe kwamfutar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Da lambobin da ka ba ni bai kamata ba. Ko akwai abin da ban sani ba, Baba?" Na kalli yarinyar nan na ce babu.

In na faɗi gaskiya, kora ce, kuma duk inda ake walda sunana zai riga ni isa. Injiniya ce ta sa hannu a takardar kammala aikin, oga zai wanke kansa ya bar mu mu biyu. Ni kaɗai ba zan iya yanke haɗin in sake shi a ɓoye ba. Kada wanda bai taɓa ɗaga ƙarfe ba ya zo yana mini wa'azi, na san hukuncin. Hanya nake so. Gobe da safe jirgin zai sake hawa wurin. Me zan yi?