Inna, Maganin da Nake Nema

Assalamu alaikum Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa. 'Yarki Hadiza ce, daga ƙasar da na zo karatu.

Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma yau an yi abu a wurin aiki, na duba na rasa wanda zan faɗa wa da Hausa.

Kin tuna ranar da nake tsefe miki kai a tsakar gidanmu na Talata Mafara, zanenki ya zame, na ga kumburi a mamanki na hagu? Kika ja zane kika ce, "Maruru na, 'yar nan, zai hwashe." Kika ƙi zuwa asibiti sai an gama yankan shinkafa a Bakura. Daga baya Kawu Sani ya kai ki Maradun a babur wurin mai magani. Da muka je gaban likita, ya ce sankara ce, kuma ta yi nisa.

A kanta nake aiki yanzu. Cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai umarnin da ke hana ta hayayyafa barkatai. Sankara ba ta goge shi, rufe shi take yi. Mu kuma muna haɗa magani ɗan mitsitsi da zai shiga ƙwayar ya hana rufewar.

Na haɗa da yawa, duk suka ƙi. Yau da hantsi na leƙa madubin bincike, na ga wanda na zuba shekaranjiya ya tsayar da ƙwayoyin sankara, masu lafiya kuwa bai taɓa su ba. Abokan aiki suka yi ta tafi. Na yi murmushi, na fita na zauna a matakala ni kaɗai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, da saura sosai. Yana iya faɗuwa a gwaji na gaba. Ko ya tsallake, ban san yaushe zai isa hannun matan ƙauyukanmu ba.

Ƙwayoyin da nake gwajin a kansu, daga jikin wata mata aka ɗebo su, ta daɗe da rasuwa. Ban san sunanta ba, ban san ko ta bar 'ya ba. Kullum da safe ni ke canza musu ruwan abinci, yadda ban samu na yi miki jinya na ƙoshi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Ita ma Allah Ya saka mata.

Taki,
Hadiza