A Kan Hular Buhun Albasa da Hannuna na Dama

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa,
Malanville.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran manyan ƙungiya. Ni ne Salisu mai albasa daga Garou, ɗan ƙungiya tun ranar da aka buɗe ta. Ka yi haƙuri da munin rubutun, da hannun hagu nake yi, kuma za ka ji dalili. Sau uku ina zuwa biro ɗinku, wato ofishin ƙungiya, sau uku magatakarda yana ce mini kana Kwatano. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba a bakin kasuwa.

Na ɗaya. Ba zan hana ku haƙƙinku ba don ina cikin fushi. Kafin ƙungiya, a ƙasa muke zube albasa cikin rana tana dahuwa muna kallo. Ku kuka nemo fili wajen magajin gari, kuka kafa mana rumfa mai kwano. Ku kuka zauna da ma'aikatan duwan, wato kwastan, har aka daina barin motar kayan gwari tana kwana da kwanaki a bakin gada. Ku kuka kawo malamin da ya nuna mana yadda za mu ɗaga gindin rudu, rumbun da muke ajiye albasa, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Famfon da kuka haƙa gefen rumfa, har matan unguwa a nan suke ɗiba. Na faɗi wannan a Garou, na faɗa a Guéné, na sha yin musu a kanku da masu cewa ƙungiya ta manyan alhazai ce kawai. Saboda waɗannan ayyukan ne na yarda da bakinka, kuma yardar ce ta kai ni inda nake.

Na biyu. Kai ka san hula, amma zan bayyana ta don mai karatun da ba ya harkar albasa. A kasuwarmu in manomi ya cika buhu har baki, mai saye ba ya kallonsa a matsayin cikakke. Sai an tula wata albasar a samansa, an rufe da raga, an ɗinke da basilla, buhu ya tsaya da ƙaton kai. Wannan tulin shi ake kira hula, kuma ba a biyan kuɗinsa. Da can 'yar kaɗan ce, kyauta ce ta sada zumunci. Kowace shekara sai ta ƙara tsawo, har ta kai buhu uku masu hula sun haɗiye albasar buhu na huɗu. Wato ni da na yi wata huɗu ina jan ruwa, ina sunkuye a kan fangali har bayana ya ƙi miƙewa, kowane buhu na huɗu na noma wa wani ne a banza. Dillalai suna son hula domin da ita suke burge masu saye. Masu lodi suna son ta domin su ake ba aikin ɗinkin. Manomi kaɗai take ci.

Na uku. Kafin a fara cirar albasar bana ka tara mu a ƙarƙashin wannan rumfa, manoma da dillalai da masu saye. Ka miƙe da kanka ka ce hula ta ƙare, daga yau buhu a bakinsa za a ɗinke shi. Ka ce mutanen ƙungiya za su tsaya a rumfa kowace ranar kasuwa su tabbatar. Aka kawo takarda, masu rubutu suka rubuta suna, sauran suka dangwala yatsa. Ni ne na uku, na rubuta sunana ɓaro-ɓaro da hannun dama ina jin daɗi har cikin raina. Aka shafa fatiha. Na koma gida na ce wa matata Hadiza bana za mu ga amfanin guminmu.

Na huɗu, kuma nan ne zancen yake. Juma'ar da ta buɗe kasuwar sabuwar albasa na kawo buhu goma sha takwas, kowanne a ɗinke a bakinsa kamar yadda muka yi alkawari. Da na shiga rumfa na duba gabas na duba yamma, kowane buhu da hularsa. Mutanen da suka dangwala yatsa kusa da ni, kowa ya ɗinko hula daga gida yana jiran ya ga wanda zai fara cirewa. Ni kaɗai ne wawan da ya ɗauka takarda ta gama magana. Na nemi ko ɗaya daga cikin mutanen ƙungiya da ka ce za su tsaya su tabbatar, babu.

Tanko, babban dillalin rumfa, wanda na gan shi da idona yana dangwala yatsa a takardar nan, ya zo ya zagaya buhunana yana dariya, yana kiran mutane su zo su ga albasa mai sanƙo. Sai ya umarci masu lodi su farke buhuna huɗu su yi wa sauran hula da albasar ciki, ba tare da ya ko kalle ni ba. Na ce kada wanda ya taɓa. Ɗayansu ya riga ya soka basilla ya fara ɗinki. Zan faɗi laifina da bakina don kada wani ya riga ni: na zaro wuƙar da nake yanke ganye da ita, na datse igiyar ɗinkin, na hankaɗe ragar, albasa ta watse. Igiya na yanka, ban nufi mutum ba, kuma wuƙar ma na jefar da ita a take.

Ban gama ɗagowa ba na ji sanda a ƙeya. Na faɗi a kan buhu, suka rufe ni su huɗu ko biyar, duka da ƙafa, a haƙarƙari, a ciki, a fuska. Na ɗora hannun dama a kan buhu don in tashi, sai wani ya sara mini ƙugiyar lodi a bayan hannu. Ta shige ta kama buhun a ƙasa, shi kuma ya fizga. Na ji abin da ya tsinke a ciki. Jinina ya jiƙa buhu biyu, suka bi sauran da ƙugiya suna farkewa, suna tattake albasa da takalmi har warinta ya cika rumfa. Mutum ya fi ɗari a tsaye, 'yan ƙungiya, masu katin ƙungiya a aljihu, ba wanda ya ce a bari. Sai da jandarma suka iso aka watse. Wani mai babur ɗin kabu-kabu da ban san sunansa ba ya naɗe mini hannu da rawaninsa ya kai ni wajen likita. An ɗinke, amma likita ya gaya mini gaskiya: jijiya ta tsinke, yatsu uku da wuya su sake lanƙwasa. Maganar wanda ya sare ni tana hannun hukuma, ba ita na kawo maka ba.

Na biyar. Abin da na kawo maka shi ne abin da na gani lokacin da ake ɗora ni a kan babur. Akwai kamyo, babbar motar kaya, a bakin rumfa ana yi masa lodi, kowane buhu da jan layi biyu a gefensa. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a kasuwar nan ya san alamar wane ne jan layi biyu. Taka ce, Alhaji. Kuma kowane buhu a cikin motar nan hularsa ta fi ta kowa tsawo. Na so in yi maka uzuri, na ce ƙila yaranka ne suka yi ba da saninka ba. To mako uku ke nan, kowace Juma'a ina aika a duba, kowace Juma'a motarka tana tashi da hula. Ba ka zo ka duba ni ba, ba ka aiko ba, ƙungiyar da ke aika wakili har sunan jikan ɗan kasuwa ba ta san hanyar gidana ba. Wallahi wannan ya fi ƙugiyar yi mini ciwo. Da ka ce mana tun farko hula ta fi ƙarfinka, da mun ci gaba da haƙurin da muka gada, da hannuna yana nan lafiya. Ka tura mu gaba, ka koma baya kana saye a tsohon tsari.

Na shida. Sauran albasata duka tana cikin rudu, ita ce abincin gidana na shekara, ita ce irin baɗi. Tanko ya hana kowane dillali ya taɓa ta, kuma a kasuwarmu mai saye ba ya ciniki sai ta bakin dillali. Hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, albasa kuwa ba ta jure laima. Kullum da safe Hadiza tana shiga rudu ta tsince ruɓaɓɓu, jiya sai da ta cika kwando biyu. Ina tsaye ina kallo da hannu a rataye a wuya. In aka ƙara mako biyu a haka, babu abin da zai rage sai wari.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Ƙannena da 'yan uwan Hadiza sun so su shigo kasuwa da adduna a Asabar ɗin da ta biyo baya. Ni na tare ƙofa da wannan hannun mai bandeji na rantse musu ƙungiya za ta yi magana. Ba barazana nake yi ba, ba na son a zubar da jinin kowa a kan albasa, nawa ya isa. Amma kowace Juma'a da ta wuce kana shiru, maganata tana ƙara rage nauyi a wajensu.

Ga abin da nake nema. Juma'ar nan mai zuwa zan kawo abin da ya rage, a ɗinke a baki, zan ajiye shi daidai inda jinina ya zuba. Ka zo da kanka, ba magatakarda ba, ka tsaya kusa da buhunana, ka karanta takardar nan da ƙarfi har sunayen da ke ƙasa, ka sa yaranka su kwance hular buhunanka a gaban jama'a, ka ce wa Tanko ya buɗe mini ciniki. In kai ka fara, kafin la'asar babu hular da za ta rage a rumfa, domin kowa kai yake kallo.

In kuwa ba za ka iya ba, to ka fito ka faɗa da bakin da ka yi alkawari da shi, ka ce takarda ta mutu. Zan sunkuyar da kai in yi hula kamar kowa, don 'ya'yana ba za su ci taurin kaina ba. Sai dai ka aiko mini da wanda zai ɗinka ta, saboda hannun da ya rubuta maka suna a takardar nan ba ya iya riƙe basilla.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya ba ka ƙarfin zuciyar tsayawa kan maganarka, ya kiyaye ƙungiyarmu daga rushewa a hannunka. Allah ya tsare maka hannunka na dama, kada ka taɓa sanin yadda ake koyon cin tuwo da hagu a shekara hamsin. Amin.

Wassalam.

Salisu mai albasa,
Garou.