Takalmin Gwajin da Na Ba Yayan Matata

Assalamu alaikum Malam Ikrima. Don girman Allah ka taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin in ya wuce, ko ka ba ni ba za ta yi amfani ba. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, nawa ma ka sakaya.

Ni baduku ne, gadon gidanmu ke nan. Shekara goma sha bakwai ina aiki a wata ƙaramar masana'antar takalman fata a nan Daura, ta wani dattijo da zan kira Alhaji Ɗantsoho. Ni ne mai yanka, ni ke fitar da siffar takalmi a jikin fata kafin ya je hannun masu ɗinki. A da mu talatin da ɗaya ne, 'yan sari daga Mashi da Dutsi da Baure har da na Nijar suna zaman jiran kaya a ƙofa. Yau mu goma sha tara ne, kuma daga azahar muke rufewa. Takalman roba na waje sun cika kasuwa, wasu ta ƙofa suka shigo wasu ta ɓarauniyar hanya, kuɗin namu ɗaya ya sayi nasu uku.

Bara Alhaji ya ce mafita ɗaya ce, mu fito da sabon samfur da babu irinsa. Wata huɗu muna yanka muna zubarwa kafin ya tsaya. A al'adar wurinmu ba a kai sabon samfur kasuwa sai an yi masa gwaji. Ana zaɓar mutum shida, kowa ya ɗinka nasa, ya yi wata biyu yana yawo da shi, sannan ya zo ya faɗi inda yake cizo da inda ya saki. Sharaɗin ɗaya ne, kada takalmin ya bar ƙafarka. Ni da abokin aikina Mahdi muna cikin shidan. Lokacin na yanke a yatsa, sai ya ɗinka mini nawa tare da nasa. Ba mu faɗa wa kowa ba, don ba mu ga abin faɗa a ciki ba. Mahdi bahago ne, ɗinkinsa hagu yake kwantawa, duk wanda ke wurinmu ko da ido rufe ya shafa zai gane hannunsa.

Ranar sunan ɗana, yayan matata ya zo, Alhaji Mansur, ɗan kasuwa ne mai zuwa ƙasar Sin sarin kaya. Ya ga takalmin a bakin tabarma, ya ɗauka ya juya shi, ya yaba har sau uku a gaban mutane. Malam, ka san mu. Suruki ya yabi abinka a bainar jama'a, me za ka ce in ba "ai naka ne, Yaya" ba? Wallahi faɗar kara na yi irin wadda kowa ke yi, ina jiran ya ce a'a, Allah ya amfana. Sai kawai ya zura ƙafa ya ce ya gode. Da silifar alwala na raka baƙi. Kunya ta hana ni bin sawu, tsoro ya hana ni gaya wa Alhaji Ɗantsoho, sai na yanka wani a ɓoye na ɗinka da hannuna.

Bayan wata bakwai, saura mako guda mu fitar da kayan, wani ɗan sari ya zo daga Mashi ya ajiye takalmi a gaban Alhaji. Namu ne sak, sai dai na roba. Har sunan Daura an buga a tafinsa. Ɗinkin ma ba ɗinki ba ne, zane ne injin ya fitar a jikin robar, kuma hagu ya kwanta. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, ga fatar da ya saya domin wannan aiki jibge a sito. Daga nan ya ce mu shidan kowa ya kawo nasa gobe.

Mahdi ya ce an ɗauke nasa a ƙofar masallacin Juma'a tun da daɗewa. Ba wanda ya yarda. Ni kuwa na kawo wanda na ɗinka na ajiye a layi. Mahdi ya ɗauka, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya gane ba hannunsa ba ne, ya ajiye, ya dube ni, bai ce uffan ba. Har yau bai ce ba. Ni na koya masa riƙon basilla, ni na shige gaba wurin neman aurensa, na san abin da ya rufe masa baki ke nan. Yanzu ba mai cin abinci kwano ɗaya da shi. Mutum mai 'ya'ya biyar ya koma zama a lungu shi kaɗai. Alhaji ya ce ƙarshen wata zai sallame shi, kuma zai aika wa dukawan Kano da sunansa don kada wani ya ɗauke shi. Wasu daga cikinmu kuma suna shirin zuwa kasuwa su tara takalman robar su cinna musu wuta.

Na je na sami Alhaji Mansur. Dariya ya yi, ya ce ba da bakina na ce nasa ne ba? Ya ce in bai kai shi ƙasar Sin an kwaikwaya ba wani zai kai, kuma masana'antarmu ko da shi ko ba shi mutuwa za ta yi. Wai in bar wahalar fata, zai buɗe mini shago in riƙa sayar masa da na robar. Na tashi na fito. Matata Barakatu kuma kullum kuka, yayan nata ne ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, tana roƙona in yi shiru kada zumunci ya tarwatse.

Malam, abinci ba ya shiga mini. In na yi magana, aikina ya tafi, mutuncina ya zube, gidana ya rikice, kuma kwantenar takalman robar da ta shigo ba za ta koma ba. In na yi shiru, Mahdi ya tafi da laifina. Yaya zan yi?

Baduku a Ruɗe, Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taka saboda wa'adin da ka ambata. Allah ya yaye maka.

Bari in fara da raba maka laifin, don na ga ka haɗa shi dunƙule ɗaya ka ɗora a ka. Kyautar takalmin kuskure ce, ba cin amana ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin idon suruki, kuma da yawanmu mun taɓa cewa "naka ne" muna addu'ar kada a karɓa. Ɗinka wani a ɓoye, nan ka fara kaucewa. Amma ajiye shi a layi ranar da ake tuhumar Mahdi, wannan shaidar zur ce ko da ba ka buɗe baki ba. Na faɗa maka kai tsaye ne domin na san kai ma ka sani, shi ya sa abinci ya ƙi shiga.

Kana cewa magana ba za ta mayar da kwantena ba. Gaskiya ne. Amma ba kwantena ake tambayarka ba, mutum ake tambayarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Mahdi yana shan tsangwama, Alhaji Mansur yana cin riba, kai kana tsakiya kana kallo. Mahdi yana yi maka kara da abincin 'ya'yansa biyar, kuma wannan ba kyautar da ya halatta ka karɓa ba ce.

Ga yadda nake gani. Ka fara da Barakatu. Kada ka yi mata faɗa, tsoronta yana da dalili, marainiya ce da ke ganin yayanta uba. Ka nuna mata ba ƙarar Alhaji Mansur za ka kai ba, kanka za ka kai. Ka tambaye ta, da ita ce matar Mahdi, me za ta so a yi? Sannan ka samu Alhaji Ɗantsoho shi kaɗai, tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka faɗi komai ba ragi. Ka roƙe shi ya wanke Mahdi a gaban duk waɗanda aka zarge shi a gabansu, domin wanda aka ɓata a fili ba a wanke shi a ɗaki. Ba zan yi maka alkawarin aikinka zai tsira ba. Mai yiwuwa ya sallame ka. Mai yiwuwa kuma ya duba shekara goma sha bakwai, ya duba cewa da ƙafarka ka zo. Ko wanne ya faru, hannunka yana jikinka, kuma baduku mai gaskiya ba ya rasa inda zai tsuguna.

Shagon Alhaji Mansur kada ka karɓa, aƙalla ba yanzu ba. In ka karɓa, kowa zai ce sayarwa ka yi tun farko, kuma ba ka da bakin musu. Shi ma ba zan mai da shi shaiɗan ba. Sayo kaya mai araha ba haramun ba ne, kuma manomin da ya sayi na roba ba ƙin Daura yake yi ba, aljihunsa ya duba. Inda surukinka ya yi ha'inci shi ne kwaikwayon wahalar wasu, da buga sunan Daura a kan abin da bai taɓa shan ruwan Daura ba. Wannan manyan dangi ne za su zaunar da shi a kai, ba kai kaɗai ba.

Masu shirin cinna wuta kuwa, ka hana su iyakar ƙarfinka. Kayan da za su ƙona na ƙananan 'yan kasuwa ne irinsu, ƙarshenta su kwana a hannun hukuma, masana'antar ta rufe da hujja. Ƙarfin da za su kai kasuwa su kai shi inda zai yi aiki. Ku haɗu da sauran dukawa da majema ku zama murya ɗaya, ku yi wa tambarinku rajista, ku kai kukan jabun kaya mai ɗauke da sunan garinku gaban hukumomin da abin ya shafa, a rubuce, da takalman biyu a hannu. Ku kuma koya wa 'yan sarinku abin da za su gaya wa mai saye: na fata in ya tsinke ana ɗinke shi, na roba in rana ta fasa shi sai bola. Ba za ku iya gasar araha da injinan waje ba, amma kuna da abin da za ku tsaya a kai.

Duk wannan zai ɗauki watanni, wataƙila shekaru. Na Mahdi kwanaki ne. Don haka kafin ka je wurin Alhaji, ka fara biyawa ta gidan Mahdi, ka nemi gafararsa, ka gaya masa ya daina yi maka shiru, nauyin ya dawo kan mai shi. Kada ka jira ƙarshen wata, ka tafi gobe bayan sallar asuba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya rufa maka asiri da gaskiyarka, ya raya sana'arku, ya bar Mahdi a bakin aikinsa.

Malam Ikrima