Mai Ce Min Juwai

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na je asibiti awon hawan jini. Wata nas, wai ita Promise, ta ɗaga kati ta ƙwala kira: "Juwairiyya Kashim!" Gatsau, a gaban jama'a, sai ka ce ita ta raɗa min. Na ce, "'Yar nan, garinku babu manya ne?" Ta ba da haƙuri, ta koma ce min Hajiya. Shekara sittin da takwas ai ba wasa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Waya daga Katagum, jikin Ya Gana ya yi tsanani. Tare muka taso, tare muke wanki a bakin kogi. Ita kaɗai ta rage cikin masu ce min Juwai, ita ɗin ma ni na hana ta. Ranar walimar dawowata daga Makka ta ce, "Juwai, haƙorin nan ya karɓe ki," a gaban surukaina. Na ja ta gefe na ce ta riƙa sakayawa. Ta dube ni ta ce, "To, Hajiya." Shekara bakwai ke nan, ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na je. Ta rame, hannunta kamar kara. Ta buɗe ido da ƙyar: "Hajiya, kin sha hanya." Ki ce Juwai mana. Maganar na bakina, amma ɗakin cike da 'ya'yanta, nauyi ya hana ni. Na ce sai na sake dawowa.

Laraba, 15 ga Mayu
Ya Gana ta rasu da hantsi. Allah Ya jiƙan ki, ƙawata.

Talata, 21 ga Mayu
Har nan Azare ake ta zuwa yi min gaisuwa. Hajiya. Inna. Kaka. Jikata da ta ci sunana ma Ummi ake ce mata, don kada a kama sunana. Kowa yana ganin girmana, ni kuwa kuka nake in sun fita. Ni na nemi girman nan, an kuma ba ni.

Litinin, 3 ga Yuni
Asibiti. Promise ba ta nan, wata baƙuwar fuska ce da katunan. "Juwairiyya Kashim!" Ina zaune dab da ita. Na ji sarai, amma na yi ta gyaran mayafi don ta ƙara faɗa. Ta sake kira. Sai a na uku na miƙe.

Ta ce, "Mama, kunne ne?"

Na ce e, kunne ne.