Man Birkin Motar Baba

Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa? Na rubuto ne tunda ba ka ji sosai a waya.

Na tayar da tsohuwar motar marigayi Baba don in riƙa kai yara makaranta. Sai dai birkin ya yi laushi, sai na taka har ƙasa yake kamawa. Mai shago ya jera min man birki iri uku, lamba uku, huɗu da biyar, wai duk ɗaya ne. Rubutun murfin tankin man birkin kuma ya goge. Wanne zan zuba?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa sai godiya.

Kada ki ɗauki jikokina a motar nan. Mai shagon ciniki ya sani, bai san birki ba. Uku da huɗu suna shiri, biyar kuwa ba ya haɗuwa da kowa, halin ubanki ke nan. Ki tsoma farin tsumma a tankin, ki faɗa min launin. Na san ruwan zuma za ki gani.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

Baffa,

Ina gaisuwa. Na tsoma. Shunayya ne, kamar tawadar biro. Lalacewa ya yi? A ƙarƙashin kujera kuma na tsinci gwangwanin lamba biyar, saura rabi. Me ya sa ka yi zaton ruwan zuma?

Auta

Auta,

Sau uku na karanta takardarki.

Bai lalace ba, launin lamba biyar ke nan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na ce wa yayana, ubanki, ya wanke layin birkin ya koma wannan man, tunda motar ta fi yawan zama a ajiye, shi kuma man ba ya shan danshi. A gaban makanikai abokan aikina ya ce ƙanen da ya goya ba zai koya masa mota ba. Na mayar masa da magana mai zafi. Daga nan sai gaisuwar hanya, har ya rasu.

Ashe ya je ya yi.

Kada ki zuba komai tukuna. Birkin da ya yi laushi, akwai inda yake yoyo. Amma ki duba min gwangwanin, yaushe aka yi shi?

Baffanki

Baffa,

Na duba. Shekarar da kuka yi faɗan ce.

Ranar Asabar mijina zai zo ya ɗauko ka. Ka taho da sifanoninka.

Sai ka zo.
Auta