Ruwan da Shanun Na Allah Suka Ƙi Sha

Zuwa ga Yaya Lamine,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a Yamai, kai da Mariama da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aiki. Mu nan Maijirgi lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma tatsar awakinta da kanta. Gero ya fid da kai, ruwa biyu kawai muke roƙo.

Yaya, wani abu ne ya hana ni sukuni, kuma ka san ni da bin diddigi tun muna lakwal, makarantar boko. Tapkin da muke ban ruwan lambu da shi, tun farkon damina shanun Na Allah, makiyayin nan maƙwabcinmu, suka daina sha ta gefen gabas. Sai su sunsuna, su kewaya yamma. Mutane suka ce iskoki ne. Ni kuwa na ga wata kumfa baƙa-baƙa a bakin ruwan, ga wari. Sai kuma ɗiyata Safa da yara huɗu na unguwa suka kwanta da zawo a mako guda. Safa ta kwana uku a gidan likita, amma ta tashi, alhamdulillahi.

Ran Talata na ja Kawu Danda muka bi kwarin da ke kawo ruwa tapkin ta gabas. Yana ta mita, wai mace da jikoki a hanya tana bin sawun ƙazanta. Mun yi tafiyar awa guda sai ga sawun tayar kamiyo, babbar motar kaya, ga wani rami a bayan geza cike da abin da ake kwasowa daga masan birni. In an yi ruwa, ramin ya cika, sauran ya gangaro mana. Kawu ya toshe hanci da rawani.

Na shiga birni neman mai alhakin duba irin wannan. Biro na farko, wato ofishin gwamnati, suka ce su rijiyoyi ne nasu. Na biyu suka ce su dabbobi. A na uku na sami wani dattijon ma'aikaci da ake kira Mushe Mahmudu, ya nuna mini takarda mai tampo, hatimin hukuma, wai an auna ruwanmu watan jiya, lafiyarsa ƙalau. Ban yi faɗa ba, na dai tambaye shi ta wane gefen tapkin aka ɗiba, don in gane. Ya yi ta juya takardar. Can ya ce gaskiya babu esansi, man mota, a lokacin, wanda aka aika a famfon bakin hanya ya cika kwalbar, ya rubuta sunan garinmu. Na ce to shi kansa Mushe Mahmudu, wa ke duba nasa aikin? Ya yi dariya. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya a kujerar nan, ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba.

Ka san abin mamaki? Ran Alhamis sai ga shi a amalanken jaki, da takalminsa mai sheƙi. Ya shiga taɓo har gwiwa ya cika kwalba da hannunsa, ya je ya ga ramin. Kwana tara ke nan kamiyon bai dawo ba, amma ramin na nan, kuma sakamako bai zo ba. Ya ce ya aika kwalbar da takarda sama, wurin manyansa, shi ma jira yake.

Wannan saman nake so ka bincika mini, tunda kana kusa da manya. Kada ka aiko mini da sunan biro, na gaji da su. Sunan mutum nake so, wanda takardar za ta sauka a hannunsa, in san wa zan tambaya in Safa ta sake kwanciya.

Ka gaida Mariama, da Muddassir, da Biba amarya. Inna da Kawu Danda suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Zara'u